Taron 25 ga Nuwamba, a yi ko a bari? Amsa ga wata ƙanwata ta Mabera

Wata ƙanwata daga unguwar Mabera nan Sakkwato ta turo min tambaya, na ce bari in amsa a fili don na san ba ita kaɗai abin ke damu ba. Ga abin da ta ce a taƙaice: "Salamu alaikum Yaya, mu ƙungiyar 'yan mata ce ƙarama, muna son mu yi wani abu ranar 25 ga Nuwamba kan cin zarafin mata, amma rabin 'yan ƙungiya sun ce waɗanga ranaku na Majalisar Ɗinkin Duniya ɓata kuɗi ne da ɗaukar hoto, wasu ma sun ce al'adar Turawa ce. Ke da kinka daɗe kina aikin wayar da kai, suna da amfani kuwa? In suna da shi ta ina za mu faro?"

Amin wa alaikis salam ƙanwata, Allah shi yi albarka.

Bari in fara ba 'yan ƙungiyarku gaskiyarsu, kuɗi kam ana ɓata su, ni kaina na ɓata da hannuna kuma ba sau ɗaya ba. Farkon barina gidan rediyo na koma aiki da wata ƙungiya, anka ba mu kuɗin gangamin kwana 16 na yaƙi da cin zarafin mata, wanda ke farawa 25 ga Nuwamba, munka buga riguna ruwan goro, munka buga wani ƙaton ƙyalle da Turanci zalla, munka ɗauko lasifika da janareta a bayan mota munka yi tattaki daga wajen Round Mairuwa, 'yan kabu-kabu na bin mu da hon ba su ma san mi ake yi ba. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai bakin hanya ta jawo mayafina ta ce "ɗiyata, wanga wane ɗan takara na?" Na tsaya yi mata bayani har tawaga ta wuce ta bar ni, na ce Inna ba siyasa ba ce, maganar dukan mata ce da fyaɗe. Ta yi shiru ta juya ƙosanta, can ta ɗago ta ce "to in abin ya samu mutum ina za shi?" Wallahi ba ni da amsa a bakina, amsar ba ta jikin ƙyallen, ba ta jikin rigar da na sa. Munka ƙarasa otal, manyan baƙi sunka yi jawabi, anka raba tekawe da kuɗin mota har da 'yar hatsaniya kan waɗanda ba a sa sunansu a takarda ba, da dare munka ga kanmu a talabijin muna ta kiran juna a waya. Rahoton da na rubuta wa masu ba da tallafi ya yi kyau ƙwarai, hotuna kala-kala. Tsohuwar nan dai ta koma gida da tambayarta.

Tun daga nan yadda nake kallon ranakun ga ya canza. Kamar ranar kasuwa suke, Lahadi a Illela ko Laraba a Achida. Kasuwa ba ta sayar wa kowa kayansa, aikinta kawai ta tara maka mutane wuri ɗaya na 'yan awoyi, wanda ya zo da albasa ya sayar, wanda ya zo hannu rabbana ya sha rana ya koma gida yana cewa yau kasuwa ba ta ci ba. To ranar 25 ga Nuwamba ma haka. A ranar ɗan jarida na neman wanda zai tattauna da shi kan mata don edita ya ce sai ya kawo rahoto, gidajen rediyo irin su Rima da Vision da Garkuwa na neman baƙon da zai cika musu fili, wani lokaci ko sisi ba za ki biya ba, kwamishina na neman inda za a gan ta, matar ciyaman ma haka. Ƙofofin da sauran kwanakin shekara sai kin yi ta safa da marwa kafin a leƙo ki, a ranar da kansu suke buɗewa. Iyakar amfanin ranar ke nan, kuma ba ƙaramin amfani ba ne. Abin tambaya in sun buɗe mi kinka riƙo a hannu.

Abin da ya fi kashe mana waɗanga taruka shi ne zuwa da magana mai faɗi da ba ta da kai ba ta da gindi. "A daina cin zarafin mata." To wa zai ce a ci gaba? Har mai dukan matarsa zai tafa miki, ya karɓi riga. Maganar da kowa ya yarda da ita ba ta motsa kowa. Ku zauna ku 'yan ƙungiya ku tsai da abu ɗaya tak, ku san wa kuke so ya yi shi, ku san yaushe. Ko dai abin da kuke son talaka ya sani ya yi aiki da shi gobe, ko abin da kuke son wani mai kujera ya sa wa hannu. Ƙaramar ƙungiya ba ta iya ɗaukar biyun lokaci guda.

In da ni ce ku, na farkon zan ɗauka, kuma saƙon ba zai wuce maganar kwana uku ba. Yarinyar da anka yi wa fyaɗe, akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da ake ba ta, amma sai an fara shi cikin awa 72, in an wuce an makara, gwargwadon saurin zuwa gwargwadon amfaninsa. Iyaye da yawa ba su san wannan ba, kwana ukun nan a wajen mai unguwa da zaman sulhu da a-rufa-asiri suke ƙarewa, an yi wa yarinya wanka an wanke zanen, shaida ta bi ruwa, sai bayan sati in ciwo ya tsananta a nufi asibiti. Kuma muna da wurin zuwa a garin nan, Cibiyar Nana Khadija da ke cikin asibitin Specialist, wadda anka buɗe a 2020 ƙarƙashin shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, don ainihin wanga aiki anka yi ta. Kin ga amsar tambayar tsohuwata mai ƙosai ke nan. In kunka kwashe kwana 16 ɗin nan ba ku yi komai ba sai tabbatar da cewa duk matar da ke zuwa Islamiyyar matan aure a Mabera, da duk ungozoma, da duk mai kemis na unguwa, sun san "kafin kwana uku, kada a wanke kaya, ga inda za a tahi", to kun fi tattakin da na yi nesa ba kusa ba. Amma kafin ku fara aika mutane ku je cibiyar da ƙafarku ku gaisa da ma'aikata, ku ji lokutan aikinsu da lambar da suke so a bayar, kada ku yaɗa lambar da kunka tsinta a wani guruf.

In kuma na biyun kuke so, wato matsa wa hukuma, to sai kun san doka. Dokar hana cin zarafi da ake kira VAPP, Jonathan ya sa mata hannu a 2015, amma a Abuja kaɗai take aiki sai jiha ta ɗauke ta ta mai da ita tata. Sakkwato ta yi haka a ƙarshen 2021 lokacin Tambuwal, tare da dokar kare yara. Ke nan zancen "muna kira ga gwamnati ta kafa doka" ya wuce, duk wanda kinka ji yana faɗar haka a taro bai yi bincike ba. Tambayar yanzu ita ce mutum nawa anka gurfanar, nawa anka hukunta, nawa anka ware don aikin, kuma an saki kuɗin ko suna kan takarda. Ki nemi kwafin ta jiha ki karanta da kanki, kada ki dogara da ta Abuja. Wani abu kuma da 'yan ƙungiyoyi ba su cika lura da shi ba, ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba lokacin ne gwamnoni ke kai kasafin kuɗi gaban majalisa, ma'aikatu kuwa sun riga sun gama tsara nasu tun watanni kafin nan, don haka mai son a sa wani abu a kasafi tun damina ya kamata ya fara zirga-zirga, ranar taro sai dai ya tuna wa kwamishina alkawarin da ta riga ta yi masa a ofis, gaban 'yan jarida yadda janyewa zai yi mata wuya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar cewa al'adar Turawa ce. Ki ba su tarihin su yi hukunci da kansu. Ranar 25 ga Nuwamba ta samo asali daga wasu mata uku 'yan gida ɗaya, 'yan gidan Mirabal, da gwamnatin kama-karya ta Trujillo ta sa anka kashe a Jamhuriyar Dominikan a 1960 don suna adawa da shi. Matan yankin Latin Amurka ne sunka fara tuna ranar tun 1981, Majalisar Ɗinkin Duniya sai a 1999 ta biyo bayansu. Gangamin kwana 16 kuwa a 1991 anka faro shi, yana ƙarewa 10 ga Disamba ranar haƙƙin ɗan Adam. Haka ranar yaran Afirka, 16 ga Yuni, 'yan makaranta baƙar fata ne a Soweto sunka fito a 1976 sunka ce ba su yarda a tilasta musu karatu da harshen Afirkans ba, 'yan sandan wariyar launin fata sunka buɗe musu wuta, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta tsai da ranar a 1991. Waɗanga duk jinin mutanen da anka zalunta ne ya kafa su. To amma ni shawarata kada ma ki ɓata yawunki wajen kare ranar, matar da ke Gidan Igwai ba ruwanta da wa ya ƙirƙiro ta, kuma ba dole ba ne ki ambace ta sam in kin shiga gidajen mutane. Sunan ranar na 'yan jarida ne da ma'aikatan gwamnati.

Mu a garin nan ma wa zai koya mana wayar da kan mata? Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda anka haifa a 1793, ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, wato mata jagorori, ta ba kowace malfa, suna tahowa da matan ƙauyuka su ɗauki karatu a waƙe su koma su koyar da na gida. Ki duba tsarin da kyau, saƙo a harshen da mace ke ji, an sa shi a waƙa don ya zauna a ka, mai kai shi mace ce dattijuwa da garin ya yarda da ita, kuma ana maimaitawa shekara da shekaru. Duk bitar da na je a Abuja anka biya mana kuɗin jirgi da otal, ƙarshenta abin ga ne ake faɗa mana da dogon Turanci.

Harshe kuwa shi ne inda na fi ganin an yi ɓarna. Na farko ki cire kalmar "biki" daga bakinki. Kafafen labarai sun saba cewa "bikin ranar kaza ta duniya", to da kin faɗi haka gaban wasu malamai kin buɗe wata muhawara daban, ta idi nawa ne a Musulunci da mi ne ne bidi'a, kafin ki ankara an bar zancen yarinyar da anka lalata ana ta jayayya kan halaccin taronku. Ban da haka ma wane biki ake yi wa fyaɗe? Ki ce tunatarwa, ki ce faɗakarwa. Na biyu, waɗanga kalmomi da anka fassaro daga takardun ƙungiyoyi, "cin zarafi mai nasaba da jinsi" da ire-irensu, ki bar su a ofis. Kalmar jinsi kaɗai ta isa ta sa mutum ya ɗauka wani abu daban kinka zo tallatawa. Ki ce duka, ki ce fyaɗe, ki ce korar mace da dare da goyo, ki ce hana gwauruwa gadonta, ki ce saki a bar mace da ɗiya biyar ba ci ba sha. Waɗanga kowa ya san su, kuma kowane malami na da ayar da zai ja a kansu.

Bari in ba ki abin dariya kan harshe. Kin san ciwon nan mai cin fuskar yara da likitoci ke kira noma, wanda muke da asibitinsa na musamman nan Sakkwato tun 1999, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF na aiki da shi tun 2014. Najeriya na ware masa rana cikin watan Nuwamba. Wata shekara ina taya wasu fassara, anka rubuto a fosta "Ranar Noma ta Ƙasa", na ce jama'a ku dubi abin ga da idon Bahaushe mana, ba su gane ba sai da wani dattijo da ke gadi ya leƙo ya karanta ya ce "Hajiya taki za a raba?" Da an buga ta haka da manoman Wamakko da Kware sun cika wurin. Munka mai da shi bayanin abin da uwa za ta gani da idonta, dasashin yaro ya kumbura yana jini, baki na wari, kunci ya fara kumburi, yawanci ɗan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa ko ya tashi daga ƙyanda, a kai shi asibiti yau kada a jira gobe, don a farkonsa maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsai da shi, in an bar shi kuwa mafi yawan yaran ba su rayuwa. Kuma noma misali ne na inda nacin tuna rana ya haifi ɗa mai ido, shekara da shekaru ana taruwa ana maimaita buƙata ɗaya, a sa ciwon a cikin jerin cututtukan da anka yi sakaci da su na Hukumar Lafiya ta Duniya, Najeriya ta jagoranci kai takardar, a Disambar 2023 anka sa shi. Buƙata ɗaya, ofishi ɗaya, ba su canza ba har sai da anka yi.

Bayan harshe sai bakin da zai faɗa. Ki tuna foliyo, wato shan inna. A 2003 anka dakatar da rigakafi a Kano da wasu jihohi saboda zargin cewa maganin na da illa, kuma zargin bai faɗo daga sama ba, mutane ba su manta gwajin maganin sanƙarau na 1996 a Kano ba. Ranar foliyo ta 24 ga Oktoba ba ita ta buɗe ƙofofin gidaje ba, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da sarakuna da uwayen ƙasa da hakimai ne sunka shigo, ana ganin basarake na ɗiga wa ɗansa na cikinsa, ga mata 'yan unguwa na bi gida-gida, har anka kai 25 ga Agustan 2020 da anka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Ku 'yan mata ne, akwai zauren da ko kun shiga ba za a ji ku ba, wannan ba raini ba ne gare ku, haka garin yake. Cikin kwana 16 dole a samu Juma'a aƙalla biyu. Ku nemi dattijon da liman ke jin nauyinsa ya raka ku tun wata guda kafin lokacin, ku kai masa matsalar da abin da kunka gani a unguwa, kada ku kai masa rubutacciyar huɗuba kamar kuna ba shi aiki, shi ya san inda zai ɗauko hujja ya fi ku. Ku je na Izala ku je na ɗariƙa, in kunka je ɗaya kunka bar ɗaya an riga an yi muku fenti. Ku gai da uwayenmu na FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi, ku leƙa matan coci su ma abin na cin su. Minti biyar a huɗuba ya fi awa uku a zauren otal, don mazan da kuke son su ji suna masallaci, ba su zuwa otal.

Ki kuma riƙa duba kalandarmu kafin ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar mata ta 8 ga Maris a 2025 cikin goman farko na azumi ta faɗo, ga zafin Sakkwato, wa za ki tara da rana tsaka? Mai hankali sai ya bi ta wajen masu tafsiri. Ranar yaƙi da bautar da yara 12 ga Yuni ce, ita ce kuma ranar dimokuraɗiyya a Najeriya tun 2019, duk 'yan jarida na wajen gwamna, ko kin yi taro ke da kujeru ne. Ranar yaran Afirka na zuwa daidai faɗuwar damina mutanen ƙauye na gona. Taku ta Nuwamba kam ta yi dace, an kai amfani gida, sanyi ya fara, ga bukukuwan aure ko'ina, kuma gidan biki wuri ne da mata ke taruwa ba tare da kin biya kuɗin mota ba. Ba wanda zai kama ki don kin matsar da taronki gaba da kwana huɗu ya dace da ranar kasuwa.

Yanzu ga wanda na fi son ki riƙe, don shi ne kuskuren da har yau in na tuna barci ke ƙaurace min. Wata shekara masu ba mu kuɗi sunka ce suna son "muryar wadda abin ya shafa", munka samu wata yarinya da uwarta ta yarda, munka rufe mata fuska da niƙabi munka ba ta makirfo. Fuska a rufe, amma murya fa? Unguwarsu kowa ya san muryarta, wani ya ɗauka a waya, kafin magariba abin ya zagaye WhatsApp. Wanda ke neman aurenta ya janye, ƙarshenta sai da anka kai ta wajen dangin uwarta a wani gari. Mu mun samu tafi, ita ta biya. Uwar ta yarda ne don tana ganin mu manya ne masu taimako ba ta iya ce mana a'a, wannan kuwa ba yarda ba ce. Tun daga ranar ban sake sa yarinya gaban taro ba, ko masu kuɗi sun so ko sun ƙi. In labari kuke so, ku canza suna da unguwa da shekaru, wata daban ta karanta, ko ku yi shi wasan kwaikwayo a rediyo. Babba da ya warke ya zaɓi ya yi magana don kansa wannan daban ne, kamar Mulikat Okanlawon da ta tsira daga noma take aiki a asibitin nan namu, ta zagaya duniya tana magana har mujallar Time ta sa ta cikin mutum 100 masu tasiri a harkar lafiya a 2024. Ita ta zaɓa, da girmanta da saninta.

Rediyo ma na da wata fa'ida da taro bai da ita, mutum na ji shi kaɗai ba mai ganin fuskarsa. Lokacin ina gidan rediyo mun taɓa yin shiri don ranar yoyon fitsari, 23 ga Mayu, likita ya yi bayani cewa doguwar naƙuda ce ke kawo shi, ba maita ba ce ba kuma alhaki ba, ana ɗinkewa a warke, kuma ana yin aikin nan asibitin Maryam Abacha. Lokacin shirin ba wanda ya kira sai masu gaisuwa. Bayan mun rufe ina haɗa jakata waya ta yi ƙara, wani mutum murya ƙasa-ƙasa, ya ce yana tambaya ne don matar wani abokinsa, shekara nawa in abin ya yi ba a iya gyarawa. Ni da shi duk mun san ba wani aboki. Irin wanga mutum ko da kuɗi ba zai zo taro ya ɗaga hannu ba. Shi ya sa duk shirin da za ku yi ku bar lamba a ƙarshe, a maimaita ta sau uku a hankali, kuma a samu mai ɗauka har bayan sati biyu.

Ba ki tambaye ni wannan ba amma zan faɗa, don wata rana za ku kai gare shi. Akwai ranakun da ba Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba mu ba, namu ne, da jininmu anka rubuta su. Lahadi 17 ga Oktoban 2021 da 'yan bindiga sunka afka wa kasuwar Goronyo sunka kashe mutum fiye da 40. Matafiyan da anka ƙone cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar shekarar. Wa ke tuna su in shekara ta zagayo, ban da iyalansu? Ki kwatanta da Chibok, 14 ga Afrilun 2014, ɗalibai 276. Abin da ya riƙe maganar Chibok da rai shi ne masu fafutukar BringBackOurGirls sun riƙe lissafi, suna ƙirga kwanaki, suna da sunaye, duk shekara su fito su ce saura kaza, anka sako 21 a Oktoban 2016, anka sako 82 a Mayun 2017, suna ragewa suna ci gaba da tambayar sauran. Mu namu sai mu yi ta yaɗa hoton gawa kwana biyu a Facebook, a yi Allah ya isa, a wuce. In za ku tuna irin wagga rana, iyalan mamatan za ku fara tambaya ko suna so, ba hoton gawa ko ɗaya, a yi addu'a, a ambaci sunaye in sun yarda, sannan a yi tambaya mai amsa, marayun nan nawa ke makaranta, matan da anka bari wa ke ci da su, tallafin da anka yi alkawari ya iso ko bai iso ba. Kuma ku yi nesa da 'yan siyasa na kowane ɓangare a ranar, don da ɗaya ya riƙe makirfo taron ya zama nasa, ku kuma ku yi la'akari da tsaron mutanen da za su koma ƙauye su kwana bayan kun dawo birni.

Wani ɗan abu kan wurin taro. An taɓa gayyata ta taron ranar naƙasassu, 3 ga Disamba, a wani otal, zauren na hawa na biyu ba lifta, ina kallo anka ɗauki shugaban guragu da kekensa mutum huɗu kamar buhun gero, yana ta cewa a yi a hankali. A ciki kuwa anka yi ta jawabi kan dokar naƙasassu da Buhari ya sa wa hannu a 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Ba mai fassara wa kurame ko ɗaya. Ku duba wanga tun wajen zaɓen wuri, filin makarantar firamare da tabarmi ya fi.

Kan kuɗi, kada rashinsu ya hana ku, kada kuma samunsu ya ja ku. Riga da hula da zauren otal su ke cinye kasafi, kuma da kun fara raba kuɗin mota kun koya wa unguwa cewa ba a sauraron ku sai da ambulan, shekara mai zuwa in ba ku da shi ba mai zuwa. In wata babbar ƙungiya ta ba ku tallafi za ta zo da takenta na shekara da tambarinta, ku karɓa, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma ku roƙa a bar ku ku faɗi saƙon da Hausarku. Saƙon murya na minti ɗaya da wata dattijuwa mai daɗin baki ta ɗauka, a tura guruf-guruf na matan unguwa da na 'yan agwagwa da buje, wato masu keke napep, kuɗin data kawai zai ci.

Sai ranar 11 ga Disamba, da kowa ya naɗe ƙyallensa. Ku sayi ƙaramin littafi ku rubuta wa ya yi alkawarin mi, ranar kaza, gaban wa. Bayan wata uku ku koma ku gaishe shi da littafin a hannu. Ku koma cibiyar ku tambaya ko masu zuwa cikin kwana uku sun ƙaru, ba sai sun ba ku sunan kowa ba. In Nuwamba ta sake zagayowa kada ku nemi sabon take, ku buɗe littafin gaban 'yan jarida ku karanta, wanga ya cika mun gode, wanga bai cika ba muna jira. Rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma da mai kujera ya gane cewa ku masu dawowa ne da littafi, shekara ta biyu da kansa zai kira ku tun Oktoba.

Don haka ki ce wa 'yan ƙungiya a yi, amma ba tattaki. Satin ga ku je Specialist ku biyu, ku dawo ku zauna da shugabar Islamiyyarku, sannan ki rubuto saƙon kwana ukun nan cikin layi huɗu ki turo min in duba kafin ku ɗauki muryar. Ki gai da su Inna.